Barin nama da nono: tambayoyinku da amsoshin likita

Wasiƙu huɗu ne suka faɗo kan magana guda a wannan makon, shi ya sa na haɗa su.

Wani ɗalibi daga unguwar Birni ya ce: "Likita, wata takwas ke nan da na bar nama, kifi, ƙwai da nono bayan wani bidiyo da na gani a TikTok. Ina jin jikina garau. Akwai abin tsoro?"

Ɗana, wannan tsari da Turawa ke kira bigan, sunansa ya fito ne daga Ingila a 1944, ta hannun wani mai suna Donald Watson. Masu binsa ko zuma ba sa lasa, balle soyayyar fara da yaji. A can nama ne ya yi musu yawa. Mu nan Damagaram gidaje nawa ne ke ganin tsoka a miya kullum? Da yawanmu tsada ta riga ta sa mu rabin wannan tsari ba tare da bidiyo ba.

Ta fannin abincin gina jiki ba ni da damuwa. Abin da gero ya rasa wake na da shi, abin da wake ya rasa gero na da shi. In kana cin tuwo, shinkafa da wake, awara, ƙuli-ƙuli da daddawa, ka wadatu.

Inda gizo ke saƙa shi ne bitamin B12. Ba ya cikin hatsi, ba ya cikin ganye, har zogalen da ake yi wa kirari ba ya maye gurbinsa. Daga dabba yake zuwa. Babban mutum na bukatar kimanin mikrogiram 2.4 a rana, ɗan mitsitsi ne, amma da shi jiki ke haɗa jini da kula da jijiyoyi. Hanta kan ajiye na shekaru, don haka garau ɗin wata takwas bai nuna komai ba: tsohon rumbu kake ci. Ranar da ya ƙare sai kasala, ƙarancin jini, tafin ƙafa na yi kamar ana tsira allura, mantuwa. In aka bari ya daɗe, jijiyar ba lalle ta dawo daidai ba. A Turai ana zuba wannan bitamin cikin wasu abincin kanti. Geron kasuwar Dole kuwa daga gona yake. Ko dai ka riƙa shan ƙwayar B12 daga farmasi, ba ta masu talla a tire ba, ko ka maido da nono cikin furarka. Ni da na biyun zan ba ƙanena shawara.

Wata mai ciki daga Mirriya: "Cikina wata biyar, ko warin nama ba na so. Uwar mijina ta ce zan haifi ɗa ba jini."

Ƴata, tsohuwa ba ta yi ƙarya gaba ɗaya ba, ƙarancin jini ga mai ciki ba wasa ba ne. Amma ba dole sai nama ba. Wake, zogale da yakuwa suna da sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi, sai dai hanji ba ya tsotsarsa da sauƙi kamar na nama. Ki matsa lemun tsami ko ki yanka tumatir a kan kwaɗonki, yana taimakawa. Shayi kuwa yana tare shi, ki bar aƙalla awa guda tsakaninsa da abinci. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ki a wurin awo ki sha kullum, ko da bayan gida ya yi baƙi, haka suke yi. Dafaffen ƙwai da nono ki riƙe su, kada a tsorata ki da camfin ƙwai.

Wani Alhaji daga Zango: "Ina da ciwon suga, ina shan metformin. Abokina ya ce in bar nama zan warke."

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Rage kitse da kilishin kowane dare zai amfani zuciyarka, amma ba nama ne ke tada suga ba. Malmalar tuwo uku, farar shinkafa, burodi, fura da sukari, da shayin majalisa mai kauri, su ne. In ka bar nama ka cike gurbinsa da waɗannan, an gudu ba a tsira ba. Ka ƙara wake da ganye, ka rage tuwon, kada ka ajiye magani. Shi kansa metformin in an daɗe ana sha yana rage B12, sai ka tuna wa likitanka a duba maka.

Wani magidanci: "Zan iya sa ɗana mai shekara ɗaya a wannan tsarin?"

A'a, Malam. Cikin yaro ƙarami ne, kunu da ganye za su cika shi kafin ya samu abin da ƙwaƙwalwarsa ke bukata, kuma mun ga abin da tamowa ke yi a yankin nan. Ya ci gaba da shan mama har shekara 2, a dama masa kunun da garin wake ko gujiya, a ba shi ƙwai, ɗan kifi ko hanta duk lokacin da hali ya yi.