Kafin ka hau jirgin Jidda

Jiya muna rufe shago ka tare ni, ka ce, "Oga, kamfanin nan na Jidda ya ɗauke ni aikin gyaran esi. Me zan shirya?" Ban amsa maka a bakin titin Agege ba, don maganar ba ta tsaye ba ce. Zauna ka ji, ɗana.

Hannunka ba ni da haufi a kansa. Ka dai riƙe cewa wutar Saudiyya 60 Hz ce, tamu 50, don haka ka karanta jikin kwamfireso kafin ka ɗaura shi. Sannan daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, doka ta hana aiki a waje cikin rana daga ƙarfe 12 zuwa 3. Kada ka ce kai ɗan Arewa ne ka saba da zafi, ka hau rufin mutane a lokacin.

Abin da ke damuna halin Legas ne da ya shige ka. Mu nan hayaniyar danfo da janareta ta koya mana ɗaga murya, kuma kana shiga gida sai "ina esin yake?" Can kuwa wannan rashin kunya ne. Balarabe sai ya gaishe ka, ya tambayi lafiya, ya sake tambaya, kamar dattawan garinku. Idan aka miƙo maka gahawa a ɗan ƙaramin kofi, ka karɓa da dama, ka sha ko da kurɓi ɗaya ne. In ta ishe ka, ka ɗan girgiza kofin kafin ka mayar, in ba haka ba za a yi ta ƙara maka.

Sana'armu ta shiga ɗakunan mutane ce, a nan ne ake faɗuwa. A shekarata ta farko a can, maigida ya nuna mini bene da hannu, na ɗauki jakata na haye ban jira shi ba. Ashe ɓangaren mata ne. Bai zage ni ba, rako ni ƙofa kawai ya yi, kuma ba a sake kiran shagonmu ba. Har yau abin yana yi mini ciwo. Ka yi sallama, ka tsaya sai an shige gabanka, idonka a kan na'ura. Wayarka ta zauna a aljihu. Hoton aikin da kake ɗauka a nan kana sawa a WhatsApp, can sai da izini.

Hutunsu Juma'a da Asabar ne, Lahadi ake komawa aiki. Da azumi awa 6 Musulmi ke yi a rana.

Sai takardu. Bizar aiki za ka shiga da ita. Wanda ya ce ka tafi da ta Umara "za a gyara a can", ka guje shi. In ka isa, ka matsa a yi maka iƙama, wato katin izinin zama, ka ga kwantiraginka a Qiwa, manhajar gwamnatinsu ta harkar ma'aikata, fasfo ɗinka kuma ya zauna a hannunka, don doka ba ta ba kafili, wato wanda ya ɗauke ka aiki, ikon riƙe shi ba. A filin jirgin Ikeja kada ka karɓi saƙon kowa, ko da ɗan unguwarku ne. Safarar ƙwaya hukuncinta na iya kaiwa ga kisa. Goro ma ka bar shi a nan.

Idan aka sami saɓani, rubutun Larabci na kwantiragin kotu za ta bi, ko me na Turancin ya ce. Gobe bayan Azahar ka zo da shi, mu kai wa limamin masallacinmu ya karanta mana layi-layi: albashi riyal nawa, masauki da tikitin dawowa a kan wa suke.