Hannun tiremolo ya karye a cikin rami, in kai wa mai walda?

Tambaya: Malam, ina kaɗa jitar lantarki a wata ƙungiyar bukukuwa. Jiya muna gwaji na danna hannun tiremolo, wato sandar ƙarfen da ake dannawa don a lanƙwasa sautin jita, sai ya karye daidai bakin raminsa, guntun ya maƙale a ciki. Jitar irin ƙirar Stratocaster ce, kuma ba tawa ba ce, ta maigidana ce, ga shi muna da aiki ranar Asabar. Wani ya ce in kai wa mai walda ya liƙa. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka. Jitar za ta yi aikin Asabar ko babu hannun, domin sifirin ɗin da ke bayanta su ke riƙe da gadar, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke zaune a kansa, inda hannun ke shiga. Abin da zai hana ta zuwa bikin shi ne shawarar nan da aka ba ka.

Kada ka kai ta wurin mai walda. Wannan magana mun gaji da maimaita ta. Mai walda gwani ne a ƙofa da taga, amma abin da bai sani ba shi ne dunƙulen ƙarfen da hannun ke shiga, a yawancin jitoci masu araha, gamin tutiya ne. Tutiya tana narkewa a wajen digiri 420, wutar walda kuwa dubbai take kaiwa. Kafin ya ce ya ɗana, bakin ramin ya zube kamar kitse. Ga tartsatsi yana sauka a kan fenti da farantin roba, ga fikof ɗin gada, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya, a nan kusa, wanda wayar cikinsa ta kusa kai gashin kai siranta. A ce ma an yi sa'a ta kama, me aka samu? Hannun da aka ƙera don ya riƙa juyawa a haƙoransa irin na sukuru ya zama kafaffe, jitar ba ta shiga akwatinta, kuma wurin waldar ne zai fara tsinkewa a dannawa ta gaba. Masu ɗura sufa gulu a ramin su ma jirgi ɗaya ya kwaso su: gam ɗin yana bin haƙora ya daskare, aikin minti ashirin ya koma sayen sabon dunƙule. Sai an gama ɓarnar a kawo ana cewa "ɗan taɓawa kawai aka yi". In kana so ka san irin dunƙulen da ke jitarka, kara masa mayen ƙarfe. In bai kama ba kuma launinsa toka-toka ne, galibi tutiya ce.

Gyaran gaskiya a wajen jitar ake yin sa. Cire tsirkiyoyi, buɗe murfin baya ka zare sifirin da filaya, ka kwance sukurorin da ke riƙe da gadar. Ka janye sirdunan tsirkiya, wato ƙananan ƙarafan da kowace tsirkiya ke hawa kansu, amma ka jera su yadda ka same su, a ƙarƙashinsu za ka ga sukurori uku da suka haɗa farantin gadar da dunƙulen. Da zarar farantin ya tashi, sau da yawa kan guntun yakan ɗan leƙo. Ɗiga masa WD-40, ka ba shi awa guda, ka damƙe da filaya mai kullewa ka juya hagu. In abin da ya leƙo bai isa kamu ba, tsaga kansa da zarton ƙarfe ka sa sukundireba.

In ya nutse, ka ɗaure dunƙulen a bayis, wato matsin ƙarfe na maƙera, ka buga alama a tsakiyar guntun daidai, sannan ka huda a hankali da bakin diril mai juyin hagu na milimita 2.5. Yawanci yana cikin ci sai ka ga guntun ya biyo shi. Alamar nan ita ce rabin aikin, domin guntun ya fi tutiya tauri, bakin diril kuwa da ya zame sai ya faɗa wa mai taushi ya cinye haƙoran. In haƙoran sun tafi, sabon dunƙule za a saya, ka auna tazarar sukurorin nan uku da ta tsirkiyoyi tukuna.

Wajen sayen sabon hannu ka tafi da guntun. Irin wannan gada ta Fender ƙirar Amurka awon haƙora na 10-32 take ɗauka, na Asiya galibi M5 ko M6. Tarkon yana tsakanin 10-32 da M5: kusan ɗaya suke a ido, M5 ya ɗan fi kauri kaɗan, zai shiga zagaye biyu-uku sannan ya cije. Da ka ji ya cije ka tsaya. Kuma in sabon yana lilo, kada ka yi ta murɗawa har ya tokari ƙasan rami, abin da ke karya su ke nan. Naɗa wa haƙoran farin tef na masu gyaran famfo zagaye biyu ko uku, ko ka jefa ɗan sifirin da ake sayarwa don haka a cikin ramin kafin ka ɗaura.