Wane filash ya dace da kyamarar motar lantarki, kuma yaya ake yi masa fomat?

Tambaya: Salamu alaikum. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi. Na sayi Tesla Model 3 ta hannu, an kawo mini ita ta Kwatano. Na sa mata filash mai giga 128 da na saya a kasuwa don kyamarar ɗaukar hanya. Ya yi sati biyu yana aiki, daga nan alamar kyamarar ta fito da jan kuros, ba ta ɗaukar komai. Wane iri zan saya, kuma yaya ake shirya shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Da wuya laifin ya zama na motar. Alamun da ka faɗa na filash ne, ko dai jabu ne, ko kuma aikin ya fi ƙarfinsa.

Filash ɗin da muka saba, wanda ake kira kile, an yi shi ne don a zuba takardu ko waƙoƙi jefi-jefi. Motarka kuwa kyamarori huɗu take rubuta hotonsu a lokaci guda, gaba da baya da gefe biyu, muddin tana tafiya. Tana riƙe na baya-bayan nan, tana share tsoho tana ɗora sabo a gurbinsa. Ƙwayoyin ajiyar da ke cikin filash suna da iyakar sau nawa za a goge su a sake rubutu. Mai arha yana cinye rabonsa cikin 'yan watanni, wani ma ba ya kaiwa.

Kamfanin Tesla ya shimfiɗa sharuɗɗa: kada girman ya gaza giga 64, ya iya rubuta aƙalla mega 4 a kowace daƙiƙa ba yankewa, kuma ya yi aiki da USB 2.0. A kula da maganar "ba yankewa". Babban adadin da ake bugawa a jikin kwali yawanci saurin karatu ne. Akwai filash da yake fara rubutu da gudu, da ya ɗumama sai ya koma tafiyar kunkuru, motar ta daina ɗauka.

Sai zafinmu. A watan Afrilu da Mayu Maradi tana wuce digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana kuma yana haura 60. Yawancin filash na gama-gari iyakarsu digiri 45 zuwa 60 suna aiki. Don haka shawarata ka bar filash ɗin kasuwa, ka sayi katin microSD, wato ƙaramin memori irin na waya, wanda aka yi musamman don kyamarar tsaro, irin SanDisk High Endurance ko Samsung PRO Endurance, mai giga 128, ka haɗa shi da ƙaramin makaranci na USB mai kyau, wato abin da ake soka katin a ciki a jona shi da motar. Waɗannan katunan an ƙera su su jure har digiri 85, kuma rubutu dare da rana shi ne aikinsu. SSD na hannu, wato babbar ma'ajiyar bayanai da ake jonawa ta USB, shi ma yana yi, yana da ɗorewa, amma da yawansu 60 ce iyakarsu, ga cin wuta fiye da kati. Ga wanda motarsa ke yini a rana, kati ya fi.

Maganar jabu tana bukatar a tsaya a kanta, domin labarinka ya yi kama da ita. Ana ɗaukar filash mai giga 8 ko 16 a sauya bayanin cikinsa, ya riƙa nuna wa kwamfuta 128. Zai karɓi bidiyo lafiya har ainihin cikinsa ya cika, daga nan ya fara rubutu a kan abin da ke ciki ko ya watsar. Sunayen fayil suna nan, amma ba sa buɗewa, kuma ranar da aka buge maka mota a hanyar Ɗan Isa ne za ka gano. Kafin ka sa kowane kati a mota, ka gwada shi a kwamfuta da manhajar H2testw, kyauta ce. Tana cika katin kaf, ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya da saurin rubutunsa. Gwajin giga 128 yana iya cin sa'o'i biyu ko fiye, a haƙura a bar shi ya gama. In da hali, ka yi sharaɗi da mai shago cewa za ka mayar idan bai ci gwajin ba.

Fomat ya fi sauƙi a cikin motar. Ka soka katin, ka shiga Controls a allo, sai Safety, sai Format USB Drive. Motar za ta mayar da shi tsarin exFAT, ta buɗe folda mai suna TeslaCam da kanta. Duk abin da ke ciki zai goge, a kwashe mai amfani tukuna. Idan da kwamfuta za ka yi, ka zaɓi exFAT, kada ka zaɓi NTFS, motar ba ta karɓarsa. Sannan ka buɗe foldar TeslaCam a farkon katin, ba cikin wata folda ba, da babban T da babban C kamar yadda na rubuta.

Ramin da ka soka shi ma yana da muhimmanci. Idan motarka tana da ramin USB a cikin akwatin gaban fasinja, nan ne wurinsa, kuma ya fi tsaro tunda akwatin yana kulluwa. Ramukan baya caji kawai suke yi. Wasu motocin da aka ƙera daga Nuwamba 2021 har ramukan tsakiya na gaba caji kaɗai suke bayarwa, sai mutum ya yi ta sauya filash alhali ramin ne ba ya ɗaukar bayani.

Kada ka fizge katin motar tana rubutu, hakan yana lalata tsarin fayil ɗin. Ka danne alamar kyamarar a allo har ta tsaya, ka ɗan jira, sannan ka zare. Idan wani abu ya faru a hanya, ka taɓa alamar nan take, za ta adana minti 10 na ƙarshe a foldar SavedClips inda ba za a rubuta a kansu ba. Waɗannan da na Sentry Mode, wato gadin mota a tsaye, su ne suke cika kati. A wuri mai cunkoso kamar bakin Babbar Kasuwa, kowane ɗan kabu-kabu da ya gifta kusa yana iya tayar da ɗauka. Duk wata ka kwashe masu amfani zuwa kwamfuta, ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna nunawa, sannan ka sake yi wa katin fomat a cikin motar.