Lemur: dabbar da ta ci sunan fatalwa

Tambaya: Malam, na ga wata dabba mai dara-daran idanu a talabijin ana kiranta lemur, wai da dare take yawo. Mece ce ma'anar sunan, kuma daidai ne in ce mata biri?

Amsa: Sunan daga Latin ya fito, harshen Rumawan da. A wurinsu lemures su ne kurwar matattu masu yawo cikin dare suna firgita masu rai, abin da mu muke kira fatalwa. Tsoronsu ya kai har Rumawa suka ware ranakun 9, 11 da 13 ga Mayu don korarsu. Maigida kan tashi tsakar dare ba takalmi, yana watsa baƙin wake ta bayansa ba tare da ya waiwaya ba, wai fatalwar ta tsinta ta ƙyale masa iyali.

Carl Linnaeus, masanin halittu ɗan ƙasar Suwidin, shi ya ɗauko kalmar a 1758 ya laƙaba wa waɗannan dabbobi. Wadda ta sa shi tunanin ma ba ta Madagaska ba ce. Wata 'yar siririya ce ta Siri Lanka da ake kira loris, mai fita da dare, mai tafiya sannu-sannu kamar mai sanɗa. Daga baya masana suka cire ta daga rukunin, sunan ya zauna a kan dabbobin tsibirin Madagaska, waɗanda nau'insu ya haura 100. Abin dariya, wadda aka fi nunawa a talabijin, mai wutsiya zobe-zobe baƙi da fari, da rana take harkarta. Ƙananan ne suka fi zama 'yan dare.

Batun biri kuwa, malam, a nan karin maganar nan ta "biri ya yi kama da mutum" take aiki. Muna faɗinta idan zance ya yi kama da gaskiya, ba don ya tabbata ba. Lemur dangin biri ce, tana da yatsun kama reshe, amma hancinta a jiƙe yake irin na kare, kuma ta fi biri dogaro da ƙamshi. A hira, ka ce "birin Madagaska" ba wanda zai tuhume ka. A aji ko a rubutu, ni na fi son a ce "dangin biri", a bar mata sunanta.