Me Ya Sa Na Kasa Ajiye Wayata?

Tambaya: Malam, nakan ɗauki waya don duba saƙo ɗaya, kafin in ankara awa biyu sun shuɗe ina kan TikTok da Instagram. Raunin zuciya ne ke damuna? Daga wata ɗaliba.

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki ɗora wa kanki laifin duka. Da gangan aka ƙera manhajojin nan haka, domin da talla suke samun kuɗi, kuma duk mintin da kika ƙara, ƙarin talla ne ya wuce ta idonki.

A shekarun 1950, masanin halayya B.F. Skinner na Amurka ya nuna cewa tattabarar da ake ba tsaba jefi-jefi, yanzu ta samu, anjima ta rasa, ita ta fi nacewa wajen caccakar maɓalli. Haka shafinki yake: bidiyo biyar ba armashi, na shida ya ba ki dariya, sai yatsa ya ci gaba da lalube. Manhajar kuwa tana lura da inda kika dakata, ko na daƙiƙa uku ne, ta ƙaro miki irinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shafin da ba ya ƙarewa, wanda wani mai tsara manhajoji, Aza Raskin, ya ƙirƙira a 2006, daga baya ya fito ya nuna nadama. Littafi yana da ƙarshen babi. Nan babu wurin tsayawa.

Ni na kashe duk sanarwa in ban da ta kira da saƙon mutane, kuma wayata ba ta kwana kusa da matashin kaina. Gwada wannan na mako guda, sannan ki sake rubuto mini.