Alobera ta cika tukunya: yaushe za a sauya mata?

Malama, kin ce alobera ɗinki ta daina girma, saiwa ta leƙo ta ramin gindin tukunya, 'ya'yan da suka tsiro a gefenta kuma sun cunkushe. Lallai ta isa sauyi. Amma kada ki taɓa ta a tsakiyar bazarar Sakkwato, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Ki bari damina ta faɗi, wajen Yuni.

Ki nemi tukunyar ƙasa mai rami a gindi, wadda ta ɗara tsohuwar kaɗan kawai. Ƙatuwa tana riƙe ruwa, saiwa ta ruɓe. Ki haɗa yashi mai tsakuwa da ƙasa kusan rabi da rabi, da ɗan dakakken gawayi. Laka ba ta yi.

Ki kifa tukunyar, ki zaro aloberar a hankali, ki yanke saiwar da ta yi baƙi, ki ajiye a inuwa kwana 2 ta bushe. 'Ya'yan kuma kowane da tukunyarsa. Bayan dasawa kada ki ba ta ruwa sai bayan mako guda, nan mutane suka fi kashe ta.

In gindin ya yi laushi yana wari, ki kai wa masu lambu su duba ko za a ceto 'ya'yan.