Tambaya da Amsa: Gyaran amo ɗaya-ɗaya a cikin waƙar da aka riga aka ɗauka

Wasiƙun wannan watan sun taru a kan abu guda: manhajojin kwamfuta da ke buɗe waƙar da aka gama ɗauka, su ba mutum damar taɓa amo ɗaya ya bar sauran. Abin da muke kira amo a nan shi ne sautin da ke fita idan an danna maɓallin fiyano guda, ko gaɓa guda da mawaƙi ya rera.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙaramin situdiyo, ina yi wa mawaƙan biki aiki. Na ji ana cewa akwai manhajar da ke ciro amo ɗaya daga cikin kiɗa, a gyara shi a mayar. Gaskiya ne, ko Auto-Tune ɗin da muka sani ne aka sake wa suna?
Mai situdiyo, Ringim

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Gaskiya ne, kuma ba Auto-Tune ba ne. Shi Auto-Tune na kamfanin Antares ne a Amurka, ya fito a 1997, kuma yadda aka fi amfani da shi a wajenmu shi ne a ɗora shi a kan murya, a gaya masa kii, wato jerin amon da aka ɗora waƙar a kai, ya riƙa jan duk abin da ya ratsa ta cikinsa zuwa maɓalli mafi kusa. Wadda ake ba ka labari ita ce Melodyne, ta kamfanin Celemony da ke birnin Munich a Jamus. Ta fito a 2001. A 2008 suka nuna wata fasaha da suka kira DNA, mai raba amo da amo ko da tare aka kaɗa su, ta shiga kasuwa a 2009, a 2012 kuma kamfanin ya karɓi kyautar Grammy ta ɓangaren fasaha.

Ita Melodyne sai ta saurari fayil ɗin tukuna, sannan ta zana maka kowane amo a allo curi-curi, kamar an jera curin fura. Wanda ke sama shi ne siririn amo, na ƙasa mai kauri. Tsawon curi shi ne daɗewarsa, faɗinsa kuma ƙarfinsa. Akwai wani siririn zare da ya ratsa ta tsakiyar kowane curi, shi ne ainihin hanyar da muryar ta bi, da hawanta da saukarta da karkarwarta. Kana iya kama curi ɗaya ka ɗaga, ka sauke, ka tsawaita, ka rage masa ƙarfi, ko ka goge shi.

Amma kada a sayar maka da abin da babu. An gina DNA ne don kayan kiɗa guda mai fitar da amo da yawa, kamar fiyano ko jita, wanda aka ɗauka a layinsa shi kaɗai. Waƙar da aka gama haɗawa da ganga da murya da eko, kana matsa amo ɗaya za ka ji sautin ya yi ruwa-ruwa. Kuma Melodyne hawa huɗu ce: essential, assistant, editor, studio. Biyun ƙarshe ne kaɗai ke gyara amon da aka kaɗa tare. Idan murya guda ce matsalarka, Newtone na FL Studio, ko VariAudio na Cubase, ko Flex Pitch na Logic duk za su yi maka aikin.

Tambaya: Mawaƙin da nake yi wa aiki yana da murya, sai dai yana zamewa daga kii a wasu wurare. Na zaɓi muryar duka na danna gyara, ta fito kamar ta mutum-mutumi, har ya ce wannan ba shi ba ne. Ina kuskuren yake?
Ɗan koyo, Gaya

Amsa: Ɗan'uwa, kuskuren yana cikin kalmar "duka". Mawaƙin kuwa ya faɗi gaskiya.

Fara da ma'auni. Daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, fari ko baƙi, rabin mataki ne, kuma an kasa shi sent 100. Muryar ɗan Adam ba ta zama daidai a kan sifili. Amon da ya kauce da sent 10 ko 15, a cikin kiɗa kunne ba ya kama shi a matsayin kuskure, shi ne ma ke sa a ji mutum ne. Wanda ya kai sent 30 zuwa 50, musamman idan dogo ne a ƙarshen ɗango, shi ne ke cizon kunne. Don haka kafin ka taɓa komai, juya wa allon baya ka saurari waƙar da kiɗanta sau biyu, ka rubuta minti da daƙiƙar duk inda ka ji ciwo. Wuraren da ka rubuta kaɗai za ka gyara. Allo zai nuna maka kuskure ɗari da babu wanda zai taɓa ji.

Muryar da za ka saka ta zama busasshiya, ba eko, ba Auto-Tune, a fayil ɗin WAV, wato wanda ba a matse sautinsa ba. Tabbatar manhajar ta zaɓi tsarin da aka rubuta wa Melodic. Idan kana aiki da Studio One ko Cubase ko Reaper, akwai haɗin da ake kira ARA, muryar za ta buɗe kai tsaye. Inda babu shi, sai ka danna Transfer ka kunna waƙar daga farko zuwa ƙarshe ta kwafa. Kuma ka gama yanke-yanken muryar kafin nan, domin abin da ka canza a layin bayan ta kwafa ba za ta gani ba.

Mataki na gaba shi ne wanda kowa ke tsallakewa: duba ko ta raba gaɓoɓin daidai. Sau da yawa takan haɗe gaɓa biyu a curi guda. Manhajar kuma matsakaicin curin take lissafawa, to idan rabinsa sama ne rabinsa ƙasa, matsakaicin ba na kowa ba ne, kana gyarawa ka lalata duka biyun. Yanka shi a inda gaɓar ta canza, sannan ka matsa kowanne da kansa. Idan ka ja curi yana tsalle daga maɓalli zuwa maɓalli, riƙe Alt, zai tafi da sent ɗaya-ɗaya.

In kana so ka yi amfani da gyaran bai-ɗaya, za ka ga sanduna biyu. Ta farko tana jan tsakiyar amo zuwa kii: tsaya tsakanin kashi 50 da 70 cikin ɗari. Ta biyu tana miƙar da zaren nan da ke cikin curi: kada ka wuce kashi 20 zuwa 30. Ita ce ta mayar maka da mawaƙinka mutum-mutumi, kuma a Hausa ɓarnarta ta wuce ta daɗin ji. Harshenmu na karin sauti ne. "Wuya" na jiki daga sama yake saukowa, "wuya" ta wahala daga ƙasa take hawa. "Rai" da "kai" na jiki a cikin gaɓa guda suke faɗowa daga sama zuwa ƙasa. Mawaƙin Hausa yakan bi wannan karin a rerawarsa ko bai sani ba. Ka miƙar da faɗuwar, ka cire wa kalmar Hausarta, sai a ji kamar baƙo ne ke rerawa. A wajenmu wannan ya fi zamewa daga kii muni.

Abu biyu na ƙarshe. Sautukan s, sh, ts da numfashi ba su da kii; Melodyne 5, wadda ta fito a 2020, tana gane su ta ƙyale su, amma a tsofaffin manhajoji sai ka yanke su gefe da hannunka, in ba haka ba su yi tsami. Sannan amon da sai ka ɗaga shi ko ka sauke shi fiye da maɓalli biyu kafin ya zauna, kada ka wahalar da kanka: sama zai koma muryar yaro, ƙasa ta ƙato. Kira mawaƙin ya sake layin, minti biyar ne.

Tambaya: Mun ɗauki wani dattijo mai goge da abokinsa mai garaya domin a adana kiɗansu. Da aka buɗe a kwamfuta sai ta nuna kusan duk amon gogen ba ya kan layi. Yaron situdiyo ya daidaita su, yanzu kuma dattijon ya ce an kashe masa kiɗa. Wa ke da gaskiya?
Malamin makaranta, Ɓaɓura

Amsa: Malam, dattijon ne, kuma muna fata ba a goge fayil na asali ba. Layukan da ke allon na fiyanon Turawa ne: matakai 12 masu tazara iri ɗaya, an ɗaure su a kan amon A mai kaɗawa sau 440 a daƙiƙa. Goge bai san da wannan ba. Tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki ce, a kan ƙwarya mai rufin fata, mai shi kuma yana ɗaure ta ne daidai da muryarsa. Zafin rana da sanyin hunturu da laimar damina duk suna motsa ta. Yawancin kiɗanmu na gargajiya a kan amo biyar yake tafiya, tazararsu kuma ba dole ta faɗa kan ta fiyano ba. Abin da kwamfuta ta kira kuskure shi ne kiɗan.

Ku koma kan na asali. Ku kashe jan amo zuwa layi gaba ɗaya. Idan akwai wurin da dattijon da kansa ya ce yatsansa ya zame, ku nemo wannan amon a wani wuri da ya kaɗa shi daidai, ku duba sent nawa ya nuna, ku kai na kuskuren can. Wato gogen ne ma'aunin kansa. A editor da studio akwai hanyar da manhajar ke ciro ma'aunin amo daga cikin kiɗan da aka ba ta, ta mayar da layukan allon su bi shi; da wannan za a iya jawo fiyano ya bi goge idan za a haɗa su, kuma haka ya kamata a yi.

Ku lura da wani abu: goge yana da kaifin sauti, wani lokaci manhajar takan ɗauki amo ta ajiye shi matakai 12 cif sama da inda yake. Za ku ga curi ɗaya ya yi tsalle shi kaɗai alhali kunne bai ji tsalle ba. Wannan a sashen gyaran ganewa ake mayar da shi, ba jan shi ake yi ba. Garaya kuwa, da yake tsirkiya biyu ce kuma sukan yi amo tare, tsarin Polyphonic take so. Idan da kalangu a ciki, kada a taɓa hawa da saukarsa ko kaɗan, nan ne maganarsa take. Lokaci kawai ake gyara masa.

Tambaya: Ɗalibaina mata goma sha biyu sun rera waƙar walimar sauka, aka ɗauka da waya. Yarinya ɗaya tana fita daga sahu a amshi. An ce in tura ta WhatsApp a gyara muryarta ita kaɗai. Zai yiwu?
Malamar Islamiyya, Kiyawa

Amsa: Malama, Allah ya sanya albarka a karatun. Ba zai yiwu yadda aka faɗa miki ba, kada ki biya kuɗin. Ga dalili. Kowane amo yana tafe da 'ya'yansa: wanda ke kaɗawa sau 220 a daƙiƙa yana ɗauke da 440 da 660 da 880 a samansa. Da waɗannan manhajar ke gane amo. Yara goma sha biyu a kan amo guda, 'ya'yan sautinsu sun hau kan juna, sai ta gan su curi ɗaya. Amo take rabawa, ba mutane ba. In aka ɗaga curin, an ɗaga har da goma sha ɗayan da ke daidai. Ga kuma saƙon murya na WhatsApp, wanda ke matse sauti ya zubar da wani sashe nasa don fayil ya yi ƙanƙanta.

Sake ɗauka ya fi sauƙi. A fara da mai ba da waƙa ita kaɗai, bakinta kamar taƙi ɗaya daga makirfo. Sannan 'yan amshi uku-uku ko huɗu-huɗu, suna jin ta a hedfon mai rufe kunne, don kada sautin ya koma cikin makirfo. Ita wannan yarinyar a ɗauke ta ita kaɗai, cikin lallashi, kada a nuna mata ita ce matsalar. A layinta ita kaɗai gyaran ba ya cin minti goma. Ku nemi ɗakin ƙasa mai rufin azara, ya fi ɗakin siminti mai kwano nesa ba kusa ba, domin amsa-kuwwa tana sa wutsiyar amo ta shiga cikin na gaba, kuma in an matsa amon wutsiyar takan fito a karkace. In ɗakin simintin ne kawai, a jingina katifa a bango a rataya barguna. Wajen turawa, a tura fayil ɗin a matsayin dokumen, ko a kai shi a filashi.

Tambaya: Da janareta muke aiki. A ƙasan allo ina ganin wani dogon curi daga farkon waƙa har ƙarshe, ba kuma wanda ya rera shi. Sannan akwai Melodyne ta waya?
Mai haɗa kiɗa, Sumaila

Amsa: Gurnanin wuta ne. Lantarkin Nijeriya sau 50 yake kaɗawa a daƙiƙa, yana kuma haifar da 100 da 150, na janareta ma yana ɗan hawa da sauka idan lodi ya canza. Manhajar ta ɗauke shi amo. A kan murya, yanke duk abin da ke kaɗawa ƙasa da sau 80 a daƙiƙa da ikwalaiza, wato abin tace sauti, kafin ka ba ta ta saurara. Amma maganin asali a wajen ɗauka yake: cire cajar laftof ka ɗauka a kan batir, ka ji ko gurnanin ya ɗauke, yi amfani da wayar makirfo mai baki uku, kada ta kwanta tare da wayar wuta, janareta kuma ya koma bayan katanga. Ɗauki a 24-bit, ƙarfin murya yana kaiwa tsakanin -12 da -6 a ma'aunin ƙarfin sauti, kada ma'aunin ya taɓa ja, domin sautin da ya fashe yana rikita ganewar amo kuma ba ya gyaruwa a nan.

Melodyne a Windows da Mac take aiki, babu ta Android. Kamfanin yana ba da gwajin kwana 30 kyauta. Ka tara ayyuka biyu ko uku tukuna, da murya guda da fiyano guda, sannan ka kunna gwajin, don ka ga wane hawa ne aikinka ke bukata kafin ka fitar da kuɗi.